Amsa ga 'yar'uwar da kuɗin cizo ya hana barci a Fatakwal

Allah sarki baiwar Allah. Ina karanta tambayarki jikina yana ƙaiƙayi, wallahi sai da na tashi na ɗaga zanin gado na leƙa. Kin ce wata huɗu da tarewarki a Fatakwal, kuɗin cizo ya hana ki barci ke da yara, kin yi feshi har sau uku, sai ya lafa kwana goma ya dawo, ga kyankyasai sun cika kicin, kuma kunya ta hana ki faɗa wa kowa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni a Agege na sha tawa, kusan shekara guda.

Kunyar nan ki fara ajiye ta. Ba ƙazanta ke kawo kuɗin cizo ba. Shi ba ruwansa da shara ko wanke-wanke, jini yake nema, ɗumin jikinki da numfashinki yake bi. A 2023 birnin Paris guda ya rikice a kansa, har jiragen ƙasa da gidajen sinima mutane suka riƙa tsoron zama. Su ma ƙazamai ne? Amma je ki faɗa wa dangin miji wannan.

Namu gado ne ya kawo shi. Maigida ya ga wani gadon katako na hannu, mai kyau, ya ce araha ce, ya saya wa ɗakin yara. Ko sati uku ba a yi ba babban ɗana ya fara tashi da ƙuraje a jere a wuya da dantse, uku-uku kamar an ja layi. Na ce sauro ne, na ɗaura gidan sauro. Ashe ɗaki na ƙara wa kuɗin cizon, a ɗinkin saman gidan sauron suka tare. Ina da tsohon ciki lokacin, ga zafi, ga rashin wuta, ga susa.

Ranar da ba zan manta ba ranar suna ce. An cika ɗaki, mutanen Kano sun zo, maƙwabta sun shigo, na sha lalle na sha kwalliya. Yayar maigidana ta karɓi jaririya tana mata wasa, sai ga ɗaya ya fito daga cikin farin shawul, ya ƙoshi ya yi jajir, yana tafiyarsa a hankali kamar gidan ubansa. Da mace ce mai rufin asiri sai ta murtsuke shi ta yi shiru. Ina! Ɗaga shi ta yi da yatsa biyu ta nuna wa jama'a, ta ce, "Ikon Allah, amaryar Ikko, har da dabbobi kike kiwo?" Aka kwashe da dariya. Wata ta miƙe tana kaɗe zani, wata ta ɗauke jakarta daga kan gado ta rungume. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma ba ta tsaya nan ba, kafin ta koma gida labari ya riga ta, wai ɗan'uwanta ya auro ƙazama, wai ko shara ba na yi. Ni da nake goge ɗaki sau biyu a rana da ciki wata tara! Surukata ta kira shi a waya, ina jin muryarta daga inda nake zaune, tana cewa ai tun farko ta faɗa masa. Har yau in muka haɗu a biki da yayar nan sai ta tambaye ni ya baƙina. Na bar ta da Allah. Wai kuma bara na ji nata gidan ma sun shiga, ban ce komai ba, ban kuma tura mata magani ba.

To dalilin da ya sa naki yake dawowa bayan kwana goma, ƙwai ne. Feshi yana kashe manyan da ya taɓa, amma yawancin magungunan ba sa yi wa ƙwan komai. Farare ne 'yan mitsi-mitsi, ba su kai ƙwayar gero ba, a manne suke cikin tsagar katako da ɗinkin gefen katifa, cikin kwana 6 zuwa 10 suke ƙyanƙyashewa. Macen kuma kullum sai ta saka 'yan ƙwai, a rayuwarta tana iya yin ɗaruruwa. Kin ga in kika yi feshi yau kika zauna, sati biyu sabbi sun fito. Dole a maimaita bayan kwana goma, a sake maimaitawa, kafin ƙananan su girma su fara nasu. Wani mai feshi da ke yawo da tanki a baya ya karɓi kuɗinmu sau biyu bai taɓa faɗa mana haka ba. Ya fesa bango da tsakar ɗaki, ko gadon bai kwance ba, ya ce an gama. Da muka kira shi karo na uku ya daina ɗaga waya.

Don Allah, don Annabi, kada haushi ya sa ki zuba fiya-fiya a ɗakin da yara ke kwana. Mu mun yi. Bayan abin sunan nan maigida ya fusata, ya sayo wata kwalba marar ko takarda a jiki, ya jiƙa katifa da ita da yamma, muka rufe taga saboda ruwan sama, muka kwanta. Wajen ƙarfe biyu ɗana ya tashi yana amai, yawu na zuba, numfashi da ƙyar. A kan babur muka kai shi asibiti cikin ruwa, ni ko mayafi ban ɗauka ba, ga jego. Kwanansa uku. Likitan ya yi mana faɗa kamar zai doke mu, kuma yana da gaskiya. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, ba don wasa ba. Wannan ƙwayar da ake jefawa a buhun wake ko masara ita kam ko kusa, iskar da take fitarwa tana kashe mutum a rufaffen ɗaki, har na ɗakin da ke maƙwabtaka. Kalanzir ma kar ki soma, gobara ce. In kuma tsautsayi ya faɗa, kada a tsaya ɗura manja ko madara, a fitar da yaro iska, a cire masa kayan jikinsa, a wuce asibiti da kwalbar a hannu.

Abin da ya fisshe ni zafi ne. Kwance gadon muka yi katako-katako, muka fitar da shi waje, na riƙa tafasa ruwa a babbar tukunya ina kwararawa a kowace tsaga da ramin kusa. Abin da ya fito ba a magana, ga warin nan nasu. Zannuwa, labule, rigunan filo, gidan sauro, kayan yara, duk ruwan zafi sosai, in sun bushe in bi su da dutsen guga, in ƙulle a leda kada su sake haɗuwa da waɗanda ba a wanke ba. Masu cewa ki shanya katifa a rana, a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu zancensu na da ƙamshin gaskiya. Amma ke Fatakwal kike, ina ranar take? Ko ta fito, katifa mai kauri ce, gudu suke yi su koma ɓangaren da ke da sanyi. Tamu dai ƙona ta muka yi. In za ki yar da taki ki yayyage ta da wuƙa tukuna, kar wani bawan Allah ya tsinta ya kai wa iyalinsa.

Kuma kar ki ce za ki koma falo ki bar musu ɗakin yunwa ta kashe su. Suna yin watanni ba su ci ba, sannan biyo ki za su yi, kujerunki su shiga uku. Ki janye gado daga jikin bango, kada zani ya taɓa ƙasa. Ki duba bayan soket, bayan hoto, ƙarƙashin ledar ɗaki, duk inda kika ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar na biro nan ne gidansu. Tsagar bango a toshe da siminti. In gidan haya ne mai ɗakuna a jere irin namu, sai kin cire kunya kin yi wa maƙwabta magana, don ta bango suke ratsawa. Ranar da na daure na faɗa wa matar ɗakin kusa da ni, Bayarabiya ce, dariya ta yi ta ɗaga katifarta ta nuna mini. Ashe duk layin muna fama, kowa na ɓoyewa. Rana ɗaya muka sa, duk gidan aka fito da kaya.

Kyankyasai kuwa danshin garin ne, sai haƙuri da dabara. Ƙananan nan masu ruwan ƙasa sun fi manyan masifa, macen tana yawo da jakar ƙwai a bayanta mai ɗauke da 30 zuwa 40. Ruwa suke bi fiye da abinci, don haka ki tsane wurin wanke-wanke da dare, ki gyara famfo mai ɗiga, ki rabu da tara kwalaye da kiret ɗin ƙwai. Akwai magani mai kama da man goge baki da ke zuwa a sirinji, ɗigo kaɗan a lungun kabad da bayan firji, su ci su je su mutu a maɓoyarsu. Kada ki yi feshi a kansa, korar su zai yi daga cin. In akwai mai asma a yaranki ki ɗauki abin da gaske, kashinsu da saɓarsu suna tayar da ita. Ni gara ce ma ta ƙarasa ni a gidan nan, ta cinye mini ƙasan akwatin lefe da atamfa huɗu da ban taɓa ɗinkawa ba, har da wadda mahaifiyata ta ba ni, amma wannan wani zancen ne.

Ƙurajen yaran ki yanke musu farce, ki shafa kalamin, ruwan maganin ƙaiƙayin nan, cizon kuɗin cizo ba a san shi da yaɗa cuta ba, susar ce ke zama gyambo. Ki faɗa mini gadonki na katako ne ko na ƙarfe, kuma ko akwai jariri a ɗakin, don in akwai, ranar da za a yi feshin sai kun kwana wani wuri.