Manhajar aika imel ga mambobi a kan kwamfutar tebur

Malam, ka ce kana son ɗora manhajar da za ta riƙa raba imel ga mambobin ƙungiyarku ta 'yan kasuwa a Agege. Akwai manhajar Mailman da ke yin wannan aikin, kyauta ce, a kan Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) take aiki, amma sai ka haɗa ta da wata manhaja irin su Postfix, wadda ita ke fitar da saƙonnin. Sai ka mallaki sunan yanki (wato domain, sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel), ka saita SPF da DKIM (hanyoyin tabbatar da cewa daga gare ka saƙon ya fito), in ba haka ba Gmail ya jefa saƙonninka kwandon shara. Damuwata ita ce wuta: dole kwamfutar ta kwana a kunne, ka kuma san halin Legas. Gaskiya gara ka yi hayar ƙaramar saba (wato server, kwamfutar da ke kunne dare da rana) a intanet, ka ɗora ta can.