Tambaya da Amsa: Shuka Mai Duhun Ganye a Inuwar Dogon Yaro

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. A tsakar gidana akwai babban dogon yaro wanda inuwarsa ta rufe gefen katanga, kuma ina son in ƙawata wurin da dogayen tsirrai masu duhun ganye waɗanda ba sai an sake shuka su kowace shekara ba. Na ga hoton wani mai suna Actaea, ya burge ni. Zai yi a Yamai? Daga wata Hajiya, unguwar Yantala.

Amsa: Hajiya, muna amsawa. Actaea da kika gani tsiro ne na dazuzzuka masu sanyi da danshi irin na Japan da Sibiriya, kuma yana bukatar sanyi mai tsanani domin ya huta kafin ya sake tohowa. A Yamai kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ruwan sama bai cika zarce milimita 600 a shekara ba, saboda haka kada ki zuba kuɗinki a kansa.

Akwai waɗanda suka dace da mu. Na farko shi ne Kordilin, mai dogayen ganyaye ja mai duhu, wanda yakan kai mita 2 idan ya samu kulawa, kuma ana yaɗa shi ta hanyar yanko kara a dasa. Na biyu baƙar gwaza ce, ƴar'uwar gwazar da muke ci, mai faɗin ganye, sai dai ba ta yafe ƙishirwa ko ta yini ɗaya a bazara. Akwai kuma Kanna mai jan ganye, amma ita ta fi son rana, don haka a ajiye ta a bakin inuwa. Ki leƙa wajen masu rainon tsirrai na bakin kogin Isa, kusa da ke, ki zaɓi wanda aka raina a nan garin, domin ya riga ya saba da iskarmu.

A ganina, babbar matsalarki tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar dogon yaro tana bazuwa nesa, kuma duk inda aka zuba ruwa da taki, can take nufa. Bayan ƴan watanni, idan kika tona ramin da kika yi dashe, za ki tarar da siraran saiwoyi sun cika shi, shukar kuwa tana ta ƙanƙancewa. Saboda haka na fi ba da shawarar manyan tukwanen ƙasa masu huda a gindi, a ɗora su kan bulo don kada saiwar itacen ko gara su shiga ta hudar. A haɗa yashi da ƙasar fadama da ruɓaɓɓen kashin shanu daidai wa daida. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Sai batun launi, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Duhun ganyen yana fitowa ne daga wani sinadari da tsiron ke ƙara samarwa idan yana samun haske, shi ya sa tukunyar da aka cusa can cikin inuwa takan koma kore, karanta ya yi tsawo ba ƙwari. Ki nemi gefen da ranar safe ke taɓawa na awa biyu zuwa uku, amma ya tsira daga ranar azahar.

Da bazara a yi ban ruwa safe da yamma, da hunturu kuwa sai saman ƙasar ya ɗan bushe. Iskar hunturu ce ke busar da bakin ganye, don haka a kafa zana ta gefen arewa maso gabas, a haɗa tukwanen wuri ɗaya, a riƙa wanke ƙurar da ta kwanta a ganyen. Idan kika ga farin ƙwaro mai kama da auduga a hammatar ganye, ki daka ƴaƴan dogon yaron nan naki, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki fesa da yamma.

Lokacin dashe mafi kyau shi ne Yuli, bayan damina ta zauna. Ɗanyen ganyen gwaza yana sa ƙaiƙayi a baki da maƙogwaro, saboda haka a nisanta tukunyarta daga ƙananan yara da awaki.