Tambaya da Amsa: In bari a harba wa jijiyoyin ƙafata lesa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 41, 'ya'yana biyar. Jijiyoyin ƙafata ta hagu sun taso ruɗu-ruɗu tun daga bayan gwiwa har idon sawu. Da yamma ƙafar kan yi nauyi, fatar idon sawun kuma ta fara baƙi tana ƙaiƙayi. Bayan haihuwata ta ƙarshe ƙafar nan ta taɓa kumbura sosai, aka kwantar da ni, na yi watanni ina shan maganin tsinka jini. Yanzu na ga tallar wani wurin gyaran jiki a intanet, sun ce zama uku za su goge jijiyoyin da lesa, babu gwaji babu allura, wai mataccen jini ne ya taru, hasken zai ƙone shi. Yayata kuma ta ce lesa na kawo cutar kansa, wato ciwon daji. Tsoro ya cika ni, domin mahaifiyarmu da gyambon ƙafa ta yi ta fama har ta rasu. In je ko kar in je?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Mama, ke kuma ya ba ki lafiya. Kar ki je. Lesa dai tana aiki, da ita muke rufe jijiyoyi, amma abin da ya sa na gyara zama da na karanta saƙonki shi ne kumburin nan na bayan haihuwa da watannin da kika yi kan maganin tsinka jini. Shi ne mafi nauyi a labarinki, kuma na yi imani masu tallar ba za su ma tambaye ki shi ba.

Bari in sallami yayarki tukuna. Hasken da ake aiki da shi a jijiya ba dangin na eksire ba ne, zafi kawai yake bari a inda ya sauka, ba ya kawo kansa. Ta kwantar da hankalinta.

Lesa iri biyu ce a wannan fage, kuma 'yan talla sun fi son a riƙa cakuɗa su. Akwai ta waje, wadda ake haskawa a kan fata. Tushenta aikin da Anderson da Parrish suka wallafa a Amurka a 1983: a zaɓi launin hasken da jini ke shanyewa fiye da naman da ke kewaye da shi, jijiyar ta ɗau zafi ta tsuke, fata ta tsira. Tana da kyau ga siraran jijiyoyin nan ja-ja na gefen hanci da kumatu, da jan tabon da ake haifar wasu yara da shi. Milimita kaɗan take shiga. Ko a siraran jijiyoyin ƙafa ma, sau da yawa allurar busar da jijiya ta fi ta aiki. Sai lesar ciki. Likita na kallon sikanin zai huda jijiyar wajen gwiwa, ya zura siririn zaren gilashi ya haura da shi cinya har kamar santimita 2 kafin mahaɗar da ke matsematsi, ya kewaye jijiyar da ruwan allurar kashe zafi don ya kare fata da jijiyoyin ji, sannan ya kunna hasken yana janye zaren a hankali. Bangon jijiyar ya ƙone daga ciki, ta rufe, cikin watanni jiki ya shanye ta. Wajen 1999 aka fara wannan, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2002. Jijiyoyi irin naki, masu tasowa har yatsa ya ji su, aikin lesar ciki ne, shi ma sai an ga ya dace. Wanda ya ce miki babu gwaji babu allura, ya riga ya gaya miki wacce ke hannunsa.

Yanzu ga abin da ya ishe ni, wanda kusan kullum sai na ji shi a ɗakin duba marasa lafiya: wai abin da ido ke gani shi ne cutar, jini ne ya mutu ya maƙale, in an ƙone shi ko an huda an matse, shi ke nan. Malama, yau da dare ki kwanta rigingine, ki ɗaga ƙafar ki jingina ta da bango na minti biyu, ki duba. A yawancin mutane jijiyoyin za su lafa, wasu ma su ɓace. Da mutum ya miƙe tsaye sai su sake cika a gabansa. Jinin da ya mutu ina ya je, wa kuma ya dawo da shi? Lafiyayyen jini ne da ke gangarowa maimakon ya haura, saboda bawul-bawul ɗin da ke tare shi sun saki, galibi a doguwar jijiyar da ke bin cikin cinya, wadda kitse ya rufe ba a ganinta. Ƙullutun da ke sharaɓa rassanta ne da nauyin jini ya buɗe. Wanda ya bi rassa ya bar yoyon a cinya bai yi komai ba, su za su dawo ko wasu su fito kusa da su. In kuma kika ga naki sun ƙi lafawa alhali ƙafar na sama, ki riƙe wannan ki gaya wa likita, yana iya zama alamar toshewa can ciki.

Da asarar kuɗi ce kawai, da ban ɗaga murya ba. Wannan gurguwar fahimta ƙafa take ci.

Ki fara da fatarki. Baƙin da kike gani a idon sawu jini ne da matsi ya sa ya tsiyayo daga ƙananan jijiyoyi, ƙarfen cikinsa ya zauna ya rina wurin. Fata ce da ta riga ta gaji, ƙwarzanewa kaɗan kan mayar da ita gyambo. Ga shi kuma melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, shi ma yana shan haske, musamman mai gajeren zango irin nanomita 532 ko 595. Iya duhun fatar mutum, iya haɗarin ƙuna da bororo da tabo fari ko baƙi da zai iya zama har abada. Ga mai duhun fata, wanda ya san aiki haske mai dogon zango na nanomita 1064 yake ɗauka, yana sanyaya fatar, kuma sai ya gwada a ɗan wuri ya jira ya ga yadda ta karɓa. Da yawa daga na'urorin wuraren gyaran jiki ma ba lesa ba ne, fitila ce mai walƙiya da ke fesa launuka da yawa a tare, mai saurin ƙona fata mai duhu. To mai na'urar ya harba, ya ga babbar jijiya ta ƙi motsi, me zai yi? Ƙarfi zai ƙara. Jijiyar na nan daram, fatar ce za ta saɓule. Gyambon da kike gudu haka ake buɗe shi da hannu, kuma a ƙafar da jini ba ya komawa daidai, irinsa kan shafe watanni bai rufe ba.

Sai wanda ya fi damuna game da ke. Kumburin bayan haihuwa da maganin tsinka jini, sai dai in takardunki sun nuna wani abu daban, gudan jini ne ya toshe jijiyar zurfi, wadda ke cikin tsoka. Jijiyoyin zurfi su ke kwasar kusan kashi 90 cikin 100 na jinin da ke barin ƙafa, shi ya sa muke rufe ta kusa da fata da ta lalace babu fargaba. Amma bayan gudan jini, ko dai ta zurfin ta buɗe ta bar bawul a lalace, ko ta ƙi buɗewa. Idan ta ƙi, sai jiki ya karkatar da jini ta na kusa da fata, su kumbura saboda lodin da ba nasu ba. Kamar gadar babban titi ce ta karye motoci suka koma bin lungu, sai wani ya ga cunkoso ya zo ya tare lungun. A ido, waɗannan jijiyoyi da na mai lalacewar bawul kawai kusan iri ɗaya ne, ni kaina ba zan rantse ba sai na ga sikanin. Kuma a nan ba 'yan gyaran jiki kaɗai nake nufi ba. Akwai masu takardar likita, masu lesar ciki ta gaske, da ke duba jijiyar da za su ƙona kawai ba su leƙa ta zurfi ba, domin a ranar suke so a yi a biya. In aka rufe wa jini hanyar da ta rage masa, ƙafa ta yi suntum, ciwo ya ninka, kuma jijiyar da aka ƙona ba a sake buɗe ta.

Kasancewar ta hagu ce ma abin lura ne. A cikin ƙugu, babbar jijiyar da ke kwaso jinin ƙafar hagu ta ƙarƙashin wadda ke kai jini ƙafar dama take ratsawa, a wasu mutane har takan danne ta. May da Thurner ne suka siffanta wannan a 1957, kuma yana cikin dalilan da suka sa gudan jinin masu juna biyu ya fi afka wa hagu. Don haka kar sikaninki ya tsaya a gwiwa.

Abin da kike buƙata kafin komai shi ne sikanin dofla na jijiyoyin ƙafa, wanda ke nuna yadda jini ke gudana a cikinsu, ƙarƙashin likitan tiyatar jijiyoyin jini. A tsaye ake neman yoyo, domin a kwance jini ba ya nuna gangarowarsa. Ana matsa sharaɓa a saki, in jini ya koma baya fiye da rabin daƙiƙa a jijiyar kusa da fata, bawul ya saki. Ki tafi da takardun kwanciyarki da sunan maganin da kika sha, ki tambaya baki da baki: jijiyoyina na zurfi a buɗe suke? Daga ina yoyon ya faro?

Kar kuma ki yarda a sallame ki da "ai kwalliya ce, je ki sayi safar matsi." Wannan wani abin takaicin ne. Asibitoci da kamfanonin inshora da yawa na jefa kumburin jijiya a layin ado, a yi ta tura mutum daga wannan tebur zuwa wancan har gyambo ya ɓalle, alhali wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki ya sayi na'ura mai ƙona fata babu mai ce masa kanzil. Ƙafar da fatarta ta canja launi ta wuce maganar ado. Ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar a 2013 ta ce irin wannan a tura shi ga masana jijiyoyin jini, a fara da rufewa da zafi daga ciki, lesa ko igiyar rediyo, in bai yiwu ba allurar kumfa mai busar da jijiya, sannan tiyata, kuma kar safa ta maye gurbin magani sai ga wanda ba za a iya yi masa aiki ba. Wani bincike mai suna EVRA na 2018, kan mutum 450 masu gyambo, ya nuna waɗanda aka rufe wa jijiya da wuri sun warke a kwana 56 a tsaka-tsaki, waɗanda aka jinkirta wa kuwa 82.

Idan aka ga na zurfin a buɗe, aikin kan ɗauki kamar awa ɗaya, idonki biyu, da ƙafarki za ki fita. Za ki sa safar matsi na ɗan lokaci, ki riƙa tafiya kullum, yawanci cikin kwanaki an koma bakin aiki. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jijiyoyin da aka yi wa kan rufe. Shatar jini da jin ɗaurewa a cinya ba abin tsoro ba ne, wani lokaci ɗan wuri a fata kan daina jin taɓi na watanni. Gudan jini bai cika faruwa ba, amma ke da kin taɓa yi haɗarinki ya fi na wasu, don haka ki tambayi likitan ko zai ba ki maganin tsinka jini a kwanakin aikin, da yaushe zai sake sikanin. Manyan ƙullutun na iya buƙatar allurar kumfa ko a zare su ta 'yan ƙananan huji. Bayan shekaru wasu sababbi na iya fitowa, duk wanda ya ce miki har abada ne ƙarya yake. Ba a yi wa mai juna biyu. In kuwa aka tarar da toshewa, a bar na kusa da fata su yi aikinsu. Maganin a nan safa ce, wasu kuma akan sa musu 'yar ragar ƙarfe ta buɗe jijiyar ƙugu.

Kafin ranar sikanin, a auna miki safa daidai ƙafarki bayan an tabbatar jini na isa tafin ƙafa, musamman in kina da ciwon suga. A aji kar ki daskare wuri guda, ki riƙa takawa kina ɗage dunduniya, domin tsokar sharaɓa ce ke tura jini sama. Ki shafa mai a fatar nan, ki daina sosa ta. Idan wata jijiya ta fashe, kar ki tsaya a tsaye kina kallon jini, kar kuma a ɗaure cinya da igiya: ki kwanta, ki ɗaga ƙafar sama da ƙirji, ki danne wurin da tsaftataccen ƙyalle, a kai ki asibiti. In ƙafar ta kumbura farat ɗaya, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya ɗauki ciwo, a wuce da ke sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne.