Me ya sa manhajar zane take jan ƙafa a cikin VM?

Tambaya: Ina da laftof mai furosesa Core i7 mai ƙwaya huɗu da RAM gigabait 16, kuma Ubuntu ne a kanta. Na girka Windows a cikin VirtualBox don in riƙa aiki da Photoshop da AutoCAD, amma komai jan ƙafa yake yi. Da na ba Windows ɗin duka ƙwayoyin huɗu da gigabait 14, sai abin ya ƙara taɓarɓarewa. Ina mafita?

Amsa: Malam, ƙarin da ka yi shi ne ya dagula lamarin. Windows ɗin da ke cikin VM, wato kwamfutar kwaikwayo da VirtualBox yake ƙirƙira a cikin ta gaske, baƙo ne, Ubuntu kuwa mai masauki, kuma duk karatun faifai da nuna hoto a allo da baƙon yake buƙata sai sun bi ta hannun mai masaukin. Idan ka bar wa Ubuntu gigabait 2 kacal, dole ya koma yana jibge bayanai a kan faifai, wanda bai kama ƙafar RAM a sauri ba, sai duka biyun su tsaya cik. Ka mayar da rabon Windows zuwa gigabait 8, in ya yi yawa 10, sannan ka ba shi ƙwaya biyu, ka gwada uku daga baya. Kada lamba 8 da tsarin yake nunawa a matsayin yawan ƙwayoyi ta ruɗe ka, domin kowace ƙwaya ta gaske ana ƙirga ta sau biyu ne.

Sai dai gyaran rabo ba zai kai ka ko'ina ba muddin ba ka duba ɓangaren hoto ba, kuma a ganina nan ne ainihin matsalar take. VM ba ta taɓa katin hoton laftof ɗinka kai tsaye. Wani kati na kwaikwayo ake nuna mata, wanda yake karɓar umarnin zane ya miƙa wa na gaske, kuma a wannan miƙawar ce ake asarar sauri. Saboda haka ka fara girka Guest Additions, wato ƙarin manhajojin da VirtualBox ya tanadar wa baƙo, a cikin Windows, ka tabbata VBoxSVGA aka zaɓa a saitin allo, ka kunna saurin 3D, sannan ka ɗaga ma'adanar hoto zuwa ƙarshenta, wato megabait 256. Wannan ya ishi gyaran hoto a Photoshop da zanen shimfiɗa a AutoCAD, amma da zarar ka fara jujjuya gini mai fuska uku za ka ga iyakarsa. A nan VMware Workstation Pro, wata manhajar VM irin VirtualBox, ta fi, domin tun fitowa ta 16 a shekarar 2020 take tafiyar da DirectX 11, fasahar hoto ta Windows, tare da ba da damar ware har gigabait 8 don hoto, kuma tun Nuwamban 2024 kyauta ake samun ta. Da ni ne, can zan koma.

Fayil ɗin VM ya zauna a kan SSD na cikin laftof, kada a ɗora shi a tsohon faifai mai juyawa ko filashi. Manyan fayilolin aikinka ma ka kwafe su zuwa faifan Windows kafin ka buɗe, saboda jakar da tsarin biyu suke tarayya a kanta tana da nawa, balle ga Photoshop da ke yawan rubuta bayanan wucin gadi.

Akwai kuma abin da masu laftof suke yawan mantawa: a kan batir furosesa yana rage gudu da gangan, haka ma idan ya yi zafi. Ka jona caja, ka zaɓi yanayin cikakken ƙarfi, ka kuma ɗaga ƙasan na'urar don iska ta ratsa.

Za ka ji ana batun miƙa wa VM katin hoto na gaske kacokan ta hanyar KVM, wata hanyar tafiyar da VM da Ubuntu yake da ita. Yana yiwuwa, amma a laftof wahalarsa ta fi ribarsa yawa, domin a yawancinsu allon yana haɗe ne da ƙaramin katin da ke cikin furosesa. Idan mafi yawan aikinka na fuska uku ne, ka raba faifan gida biyu, ka girka Windows kusa da Ubuntu, ka riƙa zaɓar wanda za ka shiga lokacin kunna na'ura, ka bar VM ga ƙananan gyare-gyare.