Amsa ga ƙanwarmu kan lambobin layukan taswirar ruwan sama

Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ga taswirar ruwan damina da kika turo, wadda kika zana da matplotlib, manhajar zana jadawali ta Python, daga CHIRPS, rumbun bayanan ruwan sama. Kin ce lambobin sun cunkushe, wasu sun hau kan sunayen garuruwa, kuma babu mm (milimita) a jikinsu. To ki kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba, gyara ne kaɗan.

Na duba code ɗin da kika rubuta, na ga contourf kaɗai kika kira, mai cika launi, sai kika ɗora clabel, mai rubuta lambobi a kan layuka, a kansa. Daga nan rikicin ya faro. Shi clabel layi yake nema ya zauna a kai. Ki bar contourf ya yi fentinsa, sannan ki kira contour, mai zana layuka, da matakan ruwa iri ɗaya da na contourf, layi baƙi siriri, ki ajiye shi a cs. Wannan cs ɗin za ki miƙa wa clabel.

Batun mm kuwa, akwai wuri a cikin clabel da ake kira fmt, mai tsara yadda lamba za ta fito. Ki rubuta '%1.0f mm', sai 800 ya fito a matsayin 800 mm, ba wata jela ta sifili a baya. In kuma kina son kowane layi da rubutunsa, fmt yana karɓar dict, wato jerin kowane mataki da abin da za a rubuta masa. Amma fa ki kula, in kika tsallake mataki ɗaya, a kan layin nan za ki tarar da '%1.3f' a rubuce ɓaro-ɓaro. Ni kaina sai da na buga takarda na ga haka, ranar ban ji daɗi ba.

Cunkoson, ba dole kowane layi ya sami lamba ba. Ki ba clabel cs.levels[::2], ya riƙa tsallake ɗaya, ki rage fontsize zuwa 8.

Wanda na fi so ki riƙe shi ne manual, wurin da ke ba ki damar zaɓar inda lamba za ta zauna. In kika sa True, da hannu za ki danna inda kike so, sai dai a notebook (shafin rubuta code) mai hoto tsayayye ba ya aiki, kuma in malaminki ya ce ki sake, sai ki koma dannawa daga farko. Gara ki ba shi jerin wurare, shi zai nemi layi mafi kusa ya ajiye lambar. Ki tuna x, wato digirin gabas, ake fara rubutawa: Kano tana wajen 8.5 gabas, 12 arewa, don haka 8.5 ce gaba. Sai ki zaɓi wuri nesa da ita kaɗan don kada lamba ta rufe sunanta.

Yawwa, sai girman hoto da iyakokin taswira, ki gama saita su kafin ki kira clabel, domin a lokacin kiran yake auna gurbin da zai yanke a layi. In kika canza daga baya, gurbin ba zai dace da lambar ba.

Ki gwada ki turo mana mu gani. Allah ya ba da sa'a.