Na cire Python daga Ubuntu, allon ya koma baƙi: aikina ya tafi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta a nan Birnin Kebbi. Aikin kammala karatunmu, mu uku, manhaja ce mai gane cututtukan ganyen shinkafa daga hoto, kuma da TensorFlow 2.15, laburaren koyar da na'ura da muke amfani da shi a harshen shirye-shirye na Python, muka fara ta. Laftof ɗina Ubuntu 24.04 ce, wato wani nau'in Linux, ta zo da Python 3.12, sai TensorFlow ɗin ya ƙi shiga. Wani a guruf ɗinmu na WhatsApp ya ce sai na cire 3.12 kafin 3.11 ya zauna. Na rubuta sudo apt remove python3, na danna Y. Da na kashe na kunna, ba komai sai baƙin allo yana tambayar suna. Mai gyara ya ce sai dai a yi fomatin. Duk hotunan da muka sha rana muka ɗauko a fadama suna ciki, ga shi saura mako uku mu kare aikin. Wallahi kwana biyu ke nan ban runtsa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, hotunanki suna nan. Umarnin da kika bayar manhajojin tsarin Ubuntu ya kwashe, bai taɓa foldarki ta /home ba. Abin da zai raba ki da su shi ne fomatin ɗin da mai gyara yake magana, don haka in laftof ɗin tana shagonsa, yau ɗin nan ki je ki karɓo abinki.

Wannan baƙin allon Ubuntu ce da ranta, fuskarta kawai aka cire. Ki rubuta sunanki da kalmar sirri za ki shiga. Amma kafin kowane gyara, ki samo filashin da aka girka Ubuntu da shi, ki tayar da kwamfutar daga kansa, ki zaɓi gwadawa ba girkawa ba, ki kwashe aikinku zuwa wata ma'ajiya ta waje. Sai kin buɗe hotunan a wata kwamfutar kin gan su da idonki sannan ki ci gaba. Daga nan ki koma baƙin allon, ki haɗa wayarki da kebul ki ba kwamfutar intanet, ki rubuta sudo apt install ubuntu-desktop. Shi apt, mai girkawa da cire manhajoji a Ubuntu, da harshen C++ aka rubuta shi, shi ya sa yana aiki ko babu Python, kuma zai jawo python3 da mafi yawan abin da ya tafi. Sunayen duk abin da aka cire a ranar suna cikin /var/log/apt/history.log. In intanet ɗin ya ƙi haɗuwa, kada ki kwana kina fama. Tunda kayanki suna hannu, ki sake girka Ubuntu gaba ɗaya, aikin yamma ɗaya ne.

To, sai maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wannan imani cewa kwamfuta Python ɗaya take ɗauka, sai an kori wani kafin wani ya shigo. Da wuya mako ya wuce ban ci karo da shi ba, daga Jega har Gusau, kuma kusan kullum a ƙarshen zango, lokacin da ɗalibi ba shi da kwana ɗaya na asara. Ƙarya ce tsagwaronta. Python ɗin da ya zo da Ubuntu ba don ke aka saka shi ba, na Ubuntu ne. Manhajar sabunta tsarin, netplan mai tsara haɗuwa da intanet, add-apt-repository, har ɗan rubutun da yake buɗe miki taminal, wato tagar rubuta umarni, duk a kansa suke tsaye, kuma da wannan sigar takamaimai aka gwada su: 3.8 a Ubuntu 20.04, 3.10 a 22.04, 3.12 a 24.04. Wanda ya cire shi tamkar mutumin da ya ga azara a rufin soro ya ce itacen girki ne, ya zare.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne apt bai yaudare ki ba. Kafin ki danna Y ya jero miki sunayen abin da zai tafi, layi bayan layi har allon ya cika. Ba ki karanta ba saboda wanda kika yarda da shi ya ce ki yi. Ban ga laifinki sosai ba. Laifin yana kan waɗannan gwanayen guruf da ba su taɓa gwada umarnin a kwamfutarsu ba, galibinsu ma Windows suke amfani da ita, inda cire Python ba ya rusa tsarin, sai su ɗauko wannan ilimin su ɗora wa mai Linux. Da abu ya ɓaci sai su yi tsit, ko su ce ai laftof ɗin ce tsohuwa.

Wasu kuma sun ɗan waye, ba sa cewa a cire, sai su ce a karkatar da /usr/bin/python3, alamar da ke nuna Python ɗin da tsarin zai kira, zuwa wata siga da umarnin ln ko update-alternatives. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na taɓa zama da wani yaro daga Yauri da ya yi haka: ya danna taminal, ɗan da'irar nan ta juya ta juya ta ɓace, babu abin da ya buɗe, ga saƙon No module named apt_pkg yana fitowa duk inda ya taɓa. Ya riga ya fara tambayar farashin wata laftof. Layi ɗaya muka rubuta muka mayar da alamar inda take, komai ya dawo, ya zauna ya riƙe kai.

Kuskure na uku shi ne sudo pip install, wato girka laburaren Python da ikon mai kula da tsarin. Tun daga Ubuntu 23.04 da Debian 12, idan ka nemi pip, mai girka laburaren Python, ya zuba kaya cikin Python na tsarin, zai ƙi, ya ce externally-managed-environment. Wannan katanga ce da aka gina da gangan, saboda an gaji da ganin pip yana danne laburaren da apt ya ajiye. Sai ga masu bidiyo suna koya wa yara yadda za a haura ta da --break-system-packages. Don Allah a karanta sunan abin! Shi da kansa yana faɗa maka zai fasa kayan tsarin, kai kuma kana raba shi a matsayin magani. Wanda ya ba da shawarar da bai gwada ba, har ɗiyar wani ta kwana biyu ba barci, ya ɗauki haƙƙi, ko da niyyarsa taimako ce. "Ban sani ba" ma amsa ce, kuma ba ta rage wa kowa daraja.

Hanyar da ta dace ita ce a bar na Ubuntu a wurinsa, a ajiye naki a gefe, kuma don haka aka yi manhajojin kula da sigogi. Wadda aka fi sani a Python ita ce pyenv. Tana ajiye kowace siga a cikin ~/.pyenv/versions, a foldarki, ba ta buƙatar sudo wajen girka su. Sannan tana sa wasu 'yan fayiloli a gaban PATH (jerin foldojin da kwamfuta ke dubawa idan aka ba ta umarni), waɗanda aikinsu kamar na ɗan kamasho ne a tasha: kin ce python, sai ya duba inda kike tsaye, ya ce ga motar Argungu, ga ta Zuru. Ki rubuta pyenv install 3.11, ki shiga foldar aikinku ki rubuta pyenv local 3.11. Zai ajiye fayil mai suna .python-version, kuma daga nan duk sanda kike cikin foldar 3.11 ne zai amsa, Ubuntu kuwa tana can da 3.12 ɗinta ba ta ma san ana yi ba.

Abu ɗaya da pyenv: daga tushe take haɗa Python a kwamfutarki. Sai kin fara saka build-essential, libssl-dev, zlib1g-dev, libffi-dev, libsqlite3-dev da 'yan'uwansu, in ba haka ba za ta gama ta ba ki Python marar ssl, wato ɓangaren tsaron haɗuwa da intanet, pip ya kasa sauke komai. Tana kuma cin mintuna da batir, don haka ki yi lokacin da akwai wuta.

A halin da kike ciki ni manhajar uv zan ce ki ɗauka, wadda kamfanin Astral ya fitar a 2024. Ita haɗaɗɗen Python take saukewa, babu jira. Ki rubuta uv python install 3.11, sai uv venv --python 3.11 a foldar aikin, sai uv pip install tensorflow==2.15.0. Kada ki tsallake venv ɗin, wato keɓantaccen wurin laburaren aikinku, ko da pyenv kika bi, domin zaɓen siga daban, killace laburaren kowane aiki daban. Kuma kada wani ya tsorata ki cewa 3.11 ya tsufa. A Oktoban 2022 ya fito, ana ba kowace siga kulawar shekara biyar, ke nan yana samun gyaran tsaro har Oktoban 2027. TensorFlow 2.15 daga 3.9 zuwa 3.11 yake aiki, a 2.16 ne 3.12 ya shigo, kuma mako uku kafin kare aiki ba lokacin sauya laburare ba ne.

In abokan aikinki Windows gare su, su girka 3.11 kusa da wanda suke da shi, su kira shi da py -3.11. Masu Node su nemi nvm, masu Java SDKMAN, masu Rust rustup, duk tunanin ɗaya ne.

TensorFlow ɗaruruwan megabait ne, kada ki sayi data a kansa sau biyu. Ki yi pip download sau ɗaya ki ajiye a filashi, duk mai Linux da 3.11 a ajinku zai iya girkawa daga nan. Ki sa .python-version da requirements.txt, wato jerin laburaren da aikin ke buƙata, cikin Git, manhajar adana sauye-sauyen aiki, tare da aikin, hotunan kuma su zauna a wuri biyu aƙalla. Idan kin gama, ki ɗauki hoton jerin nan na history.log ki tura guruf ɗin ba tare da kin kama sunan kowa ba, domin na tabbata akwai wani a ajinku da yake shirin danna Y a daren nan. Allah ya ba ku sa'ar kare aikin.