Ruwan sama ya jiƙa allunan daɓe kafin a yi rufi: a zuba siminti ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina gina gida, an zuba kankaren ƙasa, an shimfiɗa leda, an jera allunan soso masu tare zafi da sanyi a kanta, amma ba a kai ga yin rufi ba. Sai aka yi ta ruwa har ya kwanta a wasu ɗakunan. Ɗan kwangila ya ce babu komai, soso ba ya shan ruwa, a zuba daɓen sama a wuce wurin. Shin in yarda, ko kuwa sai an cire allunan an sayo sababbi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a zuba daɓen yanzu. Mai yiwuwa ne allunan naka ba su lalace ba, kuma a nan ɗan kwangilar yana da gaskiya, sai dai ya bar maganar ruwan da ya shige ƙarƙashinsu, wanda shi ne abin damuwa.

Duk wani abin tare zafi yana aiki ne da iskar da ke tsare a cikin ƙananan ramukansa. Ruwa kuwa yana wuce da zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu, saboda haka da zarar ya maye gurbin iskar, amfanin abin ya ragu ƙwarai. Yawan ruwan da zai shiga ya danganta da irin abin da aka saka. Allon soso mai tauri da ake kira XPS, wanda yawanci yakan zo da launin shuɗi ko ruwan hoda, ramukansa a rufe suke, ruwan kwana biyu ba ya yi masa komai. Farin soso mai ƙwaya-ƙwaya, wato EPS, yana riƙe ɗan ruwa a tsakanin ƙwayoyinsa, amma yana bushewa idan ya samu iska. Allon PIR, wani nau'in soso mai fatar alminiyam, yakan sha ruwa ta gefen da aka yanka, kuma idan fatar ta ɗaye ko allon ya tanƙware, gara a canza shi. Audugar gilashi ko ta dutse, wato abin tare zafi mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi ko na dutse, ita ce mai wuyar sha'ani, domin idan ta jiƙe sharkaf ta kwanta, da wuya ta koma kaurinta na farko, kuma ni ba na yarda a mayar da ita ƙarƙashin daɓe.

Ledar da aka shimfiɗa, wadda galibi kaurinta milimita 0.3 ne, an saka ta ne don ta hana laimar ƙasa hawowa, kuma ana naɗe bakinta a jikin bango. Da wannan ta zama kamar baho: yadda ta hana ruwa hawowa, haka take hana wanda ya zubo daga sama sauka. Ruwan sama yana bi ta tsakanin alluna ya taru a kanta, sai rana ta fito ta busar da saman allunan, mai kallo ya ɗauka komai ya bushe. Ka je kusurwar da ta fi gangare a ɗakin ka taka allo da ƙafa. Idan ka ji yana motsi, ko ka ga ruwa yana ɓulɓulowa ta tsagar da ke tsakaninsa da na kusa da shi, ka ɗaga shi. Za ka tarar da ruwa kwance a kan ledar, wani lokaci har da yashi da laka. Idan aka zuba daɓe a kan wannan, ruwan ba shi da mafita sai gefen bango da cikin daɓen kansa, a hankali, wata da watanni. Daga nan ne ake samun tayil yana ɗagowa, fenti yana kumbura a gindin bango, katako yana bauɗewa, ɗaki yana warin fumfuna, alhali an riga an tare, gyara kuma sai an fasa.

Abin yi shi ne a ɗage allunan duka a ɗakunan da ruwa ya kwanta, a jingine su a tsaye da tazara a tsakaninsu, a inuwa inda iska ke kaɗawa. Na ce a inuwa domin rana tana cin farin soso, idan ya daɗe a cikinta sai samansa ya yi rawaya ya riƙa gari. A kwashe ruwan, a goge ledar, a duba ta da kyau ko tsakuwa ko takalmin ma'aikata sun huda ta, a liƙe duk huda, a tabbata inda leda biyu suka haɗu ɗaya ta hau ɗaya da aƙalla santimita 15. Idan ruwan ya shiga ƙarƙashin ledar ma, a ɗage ta kankaren ya sha iska. Hanya mai sauƙi ta gane allon da bai bushe ba ita ce a gwada nauyinsa da na sabon allo irinsa.

Kankaren ƙasan kuwa kada ya dame ka. Ruwan sama yana ɓata fuskar kankare ne a sa'o'in farko bayan zubawa, amma da zarar ya kama, laima taimakonsa take yi, shi ya sa ake ba shi ruwa a kwanakin farko.

Shawarata ita ce kada a mayar da allunan sai an yi rufi an toshe tagogi, ko da da leda ne. Idan dole ta sa a ci gaba kafin nan, a yi aikin ɗaki-ɗaki: a jera alluna, a rufe su da wata siririyar leda, a zuba daɓe a ranar, sannan a ja tamfol. Wannan leda ta sama tana hana ruwan siminti shiga tsakanin alluna, kuma wajibi ce a kan allo mai fatar alminiyam, domin ɗanyen siminti yana cin alminiyam.

Bayan an zuba daɓen ma akwai jira. Abin da maginan suka saba lissafawa shi ne daɓen siminti da yashi yana bushewa kimanin milimita 1 a rana har zuwa kaurin milimita 40, abin da ya haura haka kuma ya fi jinkiri, wannan ma a ɗaki mai rufi da iska. Kafin a saka katako ko shimfiɗar roba, a manna leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe a kan daɓen, a liƙe bakinta, a bar ta aƙalla sa'a 16. Idan raɓa ta taru a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, daɓen bai bushe ba. Rashin ganin raɓa bai isa hujja ba, don haka a nemi mai na'urar auna laima ya gwada, kuma ka ɗauki hoton ɗakunan da ruwa ya kwanta ka rubuta wa ɗan kwangilar abin da kuka amince a kai kafin ya ci gaba da aiki.